Wa ake kwashewa, wa ake bari: tsaron ma'aikata a ƙungiyoyin duniya

Ranar Lahadi 9 ga Agusta 2020, 'yan bindiga a kan babura suka tare wata mota a dajin raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, suka kashe duk wanda ke cikinta. Mutum takwas ne suka mutu. Shida daga ciki Faransawa ne, matasan ma'aikatan ƙungiyar agaji ta Acted. Sauran biyun 'yan Nijar ne, direban motar da ɗan jagoran da ke zagayawa da baƙi a dajin. Firayim Ministan Faransa da kansa ya je filin jirgin sama na Orly tarbar gawarwakin 'yan ƙasarsa, kuma haka ya dace kowace gwamnati ta yi wa nata. Amma a kanun labaran duniya, na mutum shida aka fi bayarwa.

Wata shida bayan haka, ranar 22 ga Fabrairu 2021, aka buɗe wa ayarin motocin Hukumar Samar da Abinci ta Duniya (WFP) wuta a arewacin Goma, a gabashin Kwango. Jakadan Italiya Luca Attanasio ya mutu, jami'in da ke tsaron lafiyarsa ya mutu, direbansu Mustapha Milambo shi ma ya mutu. An yi wa na farkon biyu jana'izar ƙasa a birnin Rum, masu gabatar da ƙara na Italiya suka shafe shekaru suna bin diddigin wanda ya yi sakaci wajen shirya tafiyar. Direban yana da iyali, yana da shekarun aiki a hukumar, amma sai wanda ya karanta labarin har ƙasa yake cin karo da sunansa.

Na kawo waɗannan biyun ne saboda suna nuna inda gizo ke saƙa a harkar tsaron ma'aikatan ƙungiyoyin duniya. A cikin shekara ashirin da suka wuce an gina tsari mai girma, mai tsada, mai ƙwararrun mutane, domin kare waɗanda ke yi wa Majalisar Ɗinkin Duniya da manyan ƙungiyoyin agaji aiki. Tsarin ya ceci rayuka, ban musa ba. Sai dai ra'ayina shi ne, a wurare da yawa bai rage hatsarin ba, saukar da shi ya yi daga kan na sama zuwa kan na ƙasa: daga baƙo zuwa ɗan ƙasa, daga ma'aikacin dindindin zuwa ɗan kwantiragi, daga babbar ƙungiya zuwa ƙaramar ƙungiyar gari da aka bai wa aikin rabo. Duk shugaban da ke kula da tsaron ma'aikata a faɗin duniya, da wannan ya kamata a auna shi.

Tsarin da ake aiki da shi yau a cikin ƙurar Bagadaza aka haife shi. Ranar 19 ga Agusta 2003, wata babbar mota cike da bama-bamai ta tashi a jikin otal ɗin Canal, inda Majalisar Ɗinkin Duniya ke da hedikwatarta a Iraƙi. Mutum 22 suka mutu, ciki har da wakilin musamman na Babban Sakatare, Sergio Vieira de Mello ɗan Brazil. Kofi Annan ya naɗa kwamiti ƙarƙashin tsohon shugaban Finlan, Martti Ahtisaari, rahoton da ya fito kuwa bai yi wa kowa kara ba. Ya ce tsarin tsaron Majalisar ba ya aiki. An sami bayanan barazana ba a ɗauki mataki ba, ba a ma san takamaimai yawan ma'aikatan da ke cikin ƙasar ba, tagogin ginin da dama ba a manna musu ledar da ke hana gilashi tarwatsewa ba, kuma fasassun gilashin ne suka raunata mutane da yawa. Annan ya sallami babban jami'in tsaro na Majalisar. A Disambar 2004 Babban Zauren ya amince a haɗe ofisoshin tsaro da ke warwatse a kafa sashe guda, wanda ya fara aiki a Janairun 2005. Ranar da aka kai harin ita ce yau ake kira Ranar Jinƙai ta Duniya.

Ba a daɗe ba aka sake gwada sabon sashen. Ranar 11 ga Disamba 2007 bam ya rushe ofisoshin Majalisar a babban birnin Aljeriya, ma'aikata 17 suka mutu, mafi yawansu 'yan Aljeriya. Kwamitin Lakhdar Brahimi da ya binciki lamarin ya faɗi abin da mutane da yawa ke gudun faɗa: shuɗiyar tutar Majalisar ta daina zama garkuwa, domin a idon jama'a da dama Majalisar ta zama 'yar amshin shatar manyan ƙasashe. Shugaban sashen tsaron na farko, David Veness, ya ajiye aiki. Daga nan abin ya iso gida. Ranar Juma'a 26 ga Agusta 2011 wata mota ta kutsa ƙofofin ginin Majalisar a Abuja ta tarwatse, sama da mutum 20 suka rasa rayukansu, Boko Haram ta ce ita ce.

Ga yadda tsarin yake a taƙaice, ga wanda bai sani ba. A kowace ƙasa akwai babban jami'i guda da Babban Sakatare ya ɗora wa alhakin tsaron duk ma'aikatan Majalisar, galibi shi ne babban wakilinta a ƙasar. Yana da mashawarci kan tsaro, yana kuma shugabantar zaman da shugabannin hukumomi irin su UNICEF da WHO da WFP ke halarta. Su ke yanke shawarar hanyar da za a bi da wadda aka haramta, lokacin da kowa zai kasance a gida, unguwar da baƙo zai iya kama haya, da inda ba a shiga sai da mota mai sulke. Ma'aikaci ba ya tafiya sai ya sami izinin tsaro. Akwai ɗakin rediyo da ke bin sawun ayari ta oba-oba har ya sauka, akwai horo kan yadda mutum zai yi a shingen 'yan bindiga ko idan aka yi garkuwa da shi. Waɗannan abubuwa ne masu amfani, kuma ba su tsaya ga bindiga kaɗai ba. Hatsarin mota na cikin manyan abubuwan da ke kashe ma'aikata, don haka dokar ɗaura bel da hana tafiyar dare sun ceci mutanen da ba za a taɓa sanin adadinsu ba.

Babban sauyin da aka samu na tunani ne. A da, tambayar da ake yi ita ce yaushe za a fice. Akwai matakai a jere, da zarar ƙasa ta kai wani mataki sai a fara haɗa kaya. Bayan rahoton Brahimi aka juya tambayar ta koma yaya za a zauna a ci gaba da aiki. A 2011 ofishin daidaita ayyukan jinƙai na Majalisar ya fitar da wani nazari da Jan Egeland ya jagoranta a kan wannan batu, aka kuma shigo da ma'auni na biyu: a ɗora girman hatsari a gefe ɗaya, muhimmancin aikin a ɗaya gefen. Idan aikin ceton rai ne, kamar ciyar da yaran da tamowa ta kama, ana iya karɓar hatsari mai yawa. Idan taron bita ne, a ɗage shi. Wannan hankali ne mai kyau, ina goyon bayansa. Abin da ba a tsaya an amsa da gaskiya ba shi ne, idan an ce za a zauna, wane ne zai zauna?

Masu wannan sana'a suna cewa hanyoyin tsira uku ne. Ko dai jama'a da masu riƙe da makamai su yarda da kai su bar ka ka yi aikinka, ko ka kare kanka da katanga da sulke, ko ka tsorata mai niyyar kawo hari da masu bindiga. Ta farkon ita ce mafi ƙarfi, ita ce kuma mafi wahala, domin tana cin lokaci. Sai an zauna da hakimi da limami da shugabar mata, sai an saurari ƙorafi, sai an yi magana har da wanda gwamnati ke kira ɗan ta'adda. Ba ta da rasit, ba a iya ɗaukar hotonta a sa a rahoto. Katanga kuwa ana ganinta, ana iya ƙirga buhunan yashi da kyamarori a nuna wa masu binciken kuɗi. Shi ya sa bayan Bagadaza ƙungiyoyi suka karkata ga katanga. A Kabul, a Juba, a filin jirgin Mogadishu, baƙin ma'aikata suka koma zama a bayan waya mai ƙaya, suna iya shafe shekara ba su taka kasuwar garin ba. Wasu ma ba sa cikin ƙasar gaba ɗaya. An daɗe ana tafiyar da ayyukan Somaliya daga Nairobi, na Iraƙi daga Amman, na arewacin Siriya daga Gaziantep a Turkiyya.

To amma buhun masara ba ya raba kansa, allurar rigakafi ba ta yin kanta. Idan baƙo ya koma bayan katanga, wani ne ke fita. Ɗan ƙasa ne, sau da yawa a motar haya marar sulke, da wayar salula da ba ta da sabis a rabin hanya, da kwantiragin wata uku. Wani lokaci ma ba ma'aikacin ƙungiyar ba ne a takarda, wani kamfani ne ya ɗauke shi ya ba da aronsa, ko kuma wata ƙaramar ƙungiyar gari ce aka bai wa kwangilar rabon. A littafin hedikwata adadin ma'aikatan da aka kai wa hari ya ragu. A kan hanyar Monguno ko ta Kidal babu abin da ya ragu.

Mu da ke wannan yanki ba sai an ba mu labari ba. Daren 1 ga Maris 2018 mayaƙa suka afka wa Rann, a ƙaramar hukumar Kala-Balge ta jihar Borno, suka kashe ma'aikatan agaji uku, dukkansu 'yan Najeriya, suka tafi da mata uku ma'aikatan lafiya. Biyu daga cikinsu, Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, suna aiki ne da ƙungiyar Red Cross ta duniya, suna karɓar haihuwa a garin da dubban 'yan gudun hijira suka cika. An kashe Saifura a watan Satumba, aka kashe Hauwa a Oktoba, duk da roƙon da ƙungiyar ta fito ta yi a bainar jama'a. Dukkansu ba su wuce shekara 25 ba. A Yulin 2019 aka tare ayarin ƙungiyar Action Against Hunger kusa da Damasak, aka kashe direba nan take, aka tafi da mutum shida, daga baya aka kashe mafi yawansu. A Yulin 2020 aka sake kashe wasu biyar da aka sace a Borno. Duk 'yan gida ne. Babu ɗaya daga cikinsu da jirgi mai saukar ungulu zai ɗauko da yamma ya mayar Maiduguri ya kwana a gidan da ke da masu gadi.

Alƙaluman duniya ma haka suke nunawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kashe ma'aikatan agaji 383 a shekarar 2024, adadin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara ƙirge, 181 a Gaza, 60 a Sudan. Mafi yawansu, da rata mai nisa, 'yan ƙasashen da abin ya faru ne.

Akwai amsar da masu kare tsarin ke bayarwa, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa 'yan ƙasa su ne mafi yawan ma'aikata, don haka dole su fi yawa a cikin mamata. Suna cewa ɗan gari ya san harshe, ya san hanya, ba ya jan ido kamar Bature, farashinsa a wurin masu garkuwa bai kai na baƙo ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma gaskiyar rabi ce, sauran rabin kuwa shi ne ɗan ƙasa yana da nasa hatsarin da baƙo ba ya da shi. Baƙo ba shi da ƙabila a rikicin, ɗan ƙasa yana da ita, kuma ɗan gari a Kano baƙo ne a Gwoza. Mayaƙa suna kallonsa a matsayin ɗan leƙen asirin gwamnati ko wanda ya sayar da addininsa, jami'an tsaro suna kallonsa a matsayin mai kai wa mayaƙa abinci da magani. A Satumbar 2019 sojojin Najeriya sun rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps a arewa maso gabas bisa irin wannan zargi, kuma duk lokacin da aka yi haka, ma'aikacin da ke zaune a unguwa shi ke shan kallon maƙwabta. An san gidansa, an san makarantar 'ya'yansa. Wanda bai samu abinci ba a rabon jiya ya san inda zai same shi. A Yaman, 'yan Houthi sun tsare ma'aikatan Majalisar da na ƙungiyoyi da dama tun daga Yunin 2024, 'yan ƙasar ne, ɗaya daga cikin ma'aikatan WFP ya rasu a tsare a Fabrairun 2025. Sannan akwai yunwa. A garin da babu aikin yi, matashin da aka ce ya bi hanya mai hatsari ba zai ce a'a ba, domin ya san mutum ɗari na jiran gurbinsa. Yardar da talauci ya tilasta bai kamata shugaba ya kafa hujja da ita ba.

Bambancin ya fi fitowa fili ranar da gari ya kama da wuta. A ƙa'idar Majalisar, baƙon ma'aikaci ana fitar da shi daga ƙasar, ɗan ƙasa kuwa ana matsar da shi ne zuwa wani wuri a cikin ƙasar, sai a yanayi na musamman ake tsallakar da shi. Haka aka gani a Ruwanda a 1994, inda aka kwashe baƙi aka bar abokan aikinsu, aka kashe da yawa daga cikinsu. Haka aka gani a Kabul a Agustan 2021. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, a ranar farko aka kashe ma'aikatan WFP uku a Kabkabiya da ke Darfur ta Arewa, cikin 'yan kwanaki kuma aka fitar da ɗaruruwan baƙi da iyalansu a dogon ayari daga Khartum zuwa Port Sudan. Waɗanda suka ci gaba da ciyar da unguwannin Khartum bayan haka matasan sa-kai ne da suka kafa ɗakunan agajin gaggawa, suna dafa abinci a manyan tukwane, ɓangarori biyun da ke yaƙin na kama su suna kashewa, ba su da inshora ba su da oba-oba.

Na fahimci dalilin ƙa'idar. Ƙungiya ba ta da ikon bai wa kowa biza, kuma ba za ta iya kwashe dubban mutane da iyayensu da 'ya'yansu ba. Amma tsakanin kwashe kowa da barin kowa akwai fili mai faɗi da ba a cika shiga ba. Ana iya biyan albashin wata uku tun kafin bankuna su rufe. Ana iya sanin inda kowane ma'aikaci ke kwana, a tanadi mafaka, a goge sunaye daga kwamfutocin da za a bari a ofis don kada su faɗa hannun masu farautar mutane. Ana iya zama da 'yan ƙasa a tsara shirin ficewa tare da su, maimakon su ji labari a rediyo. Waɗannan ba sa buƙatar izinin Kwamitin Sulhu. Haka batun alawus: baƙo yana da hutun sararawa duk bayan 'yan makonni, a kai shi waje ya huce, ɗan ƙasa da ya ga gawar maƙwabcinsa da safe ana sa ran ya zo aiki washegari. Kuɗin hatsarin baƙo tsayayyen adadi ne na dala, na ɗan ƙasa wani kaso ne na ma'aunin albashin gida, alhali harsashin iri ɗaya ne.

Abin da ya fi girgiza ƙungiyoyi a kan wannan batu shari'a ce. A Yunin 2012 aka kai wa ayarin ƙungiyar kula da 'yan gudun hijira ta Norway hari a sansanin Dadaab na Kenya, aka kashe direba ɗan Kenya, aka sace baƙi huɗu aka nufi Somaliya da su, kafin a kuɓutar da su bayan kwana huɗu. Ɗaya daga cikinsu, Steve Dennis ɗan Kanada, ya kai ƙara, kuma a Nuwambar 2015 kotun Oslo ta samu ƙungiyar da laifin mummunan sakaci, ta umarci a biya shi diyyar kusan kurona miliyan 4.4. Tun daga ranar shugabannin ƙungiyoyi suka gane cewa haƙƙin kula da ma'aikaci abu ne da alƙali zai iya tambaya. Hukuncin ya yi daidai, mutumin ya cancanci abin da ya samu. Sai dai darasin da wasu suka ɗauka ya karkace. Sun koyi kare kansu daga wanda zai iya kai su kotu a Turai, wato baƙo mai fasfo da lauya, sai takardun sa hannu suka ƙaru, dokokin hana fita suka ƙaru, aikin kuma ya ƙara gangarawa hannun wanda ba zai taɓa ganin ƙofar kotun Oslo ba. Majalisar ita kanta tana da rigar kariya daga kotunan ƙasashe tun yarjejeniyar 1946, kuma a kan wannan rigar ce shari'ar kisan Goma ta tsaya a Rum.

Akwai wani ɓangare da babu jami'in tsaron da zai iya magance shi, komai ƙwarewarsa. An gina tsarin ne da tunanin ɗan ƙunar baƙin wake da mai garkuwa da mutane, amma yanzu kaso mai yawa na ma'aikatan da ke mutuwa jiragen gwamnatoci da sojojinsu ne ke kashe su. Ranar 3 ga Oktoba 2015 jirgin yaƙin Amurka ya yi ta luguden wuta a kan asibitin likitocin na-gari-na-kowa a Kunduz ta Afganistan, mutum 42 suka mutu, bayan ƙungiyar ta riga ta ba sojoji bayanin inda asibitin yake. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin sojin saman Najeriya ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, sama da mutum 100 suka mutu, ciki har da 'yan agajin Red Cross ta Najeriya shida, rundunar ta ce kuskure ne. Ranar 1 ga Afrilu 2024 jiragen Isra'ila suka bi motoci uku na ƙungiyar agaji ta World Central Kitchen ɗaya bayan ɗaya a Gaza, suka kashe mutum bakwai, duk da tambarin da ke kan rufin mota da kuma sanar da hanyar da aka yi tun farko. Shida daga cikin bakwan baƙi ne, shugabannin Amurka da Ingila da Ostireliya suka yi magana da kakkausar murya, Isra'ila ta kori hafsoshi biyu cikin 'yan kwanaki. Kafin wannan rana an riga an kashe ma'aikatan agaji kusan 200 a Gaza, kusan duka Falasɗinawa, ba a ji irin wannan murya ba.

A Mayun 2024 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2730, wanda Siwizalan ta gabatar, ya kuma ambaci ma'aikata 'yan ƙasa ƙarara a cikin waɗanda dole a kare. Ambaton yana da daraja. Amma doka ba ta taɓa yin ƙaranci ba, hukunci ne ya yi ƙaranci. A Agustan 2006 aka harbe ma'aikatan Action Against Hunger 17 a harabar ofishinsu a Muttur ta Siri Lanka, sanye da rigunan aikinsu, duk 'yan ƙasar, har yau babu wanda aka hukunta. Shugaban ƙungiyar da aka kashe wa ma'aikaci yana cikin tsaka mai wuya: idan ya ɗaga murya a kore shi daga ƙasar, masu jiran abinci su rasa, idan ya yi shiru ya koya wa mai bindiga cewa jinin ma'aikacinsa ba shi da tsada. Ina ganin an yi shiru fiye da kima, musamman idan mamacin ɗan gida ne.

Rakiyar sojoji ma tana cikin wannan tsaka mai wuya. A Borno akwai hanyoyin da ba a bi sai da ayarin soja, a Nijar ma hukumomi sun wajabta rakiya a yankuna da dama. Gwamnati tana da hujjarta, domin ita ce ke da alhakin farko na kare duk wanda ke ƙasarta. Amma motar da ta shiga gari a bayan motar soja ta riga ta zaɓi ɓangare a idon mai kallo daga daji, kuma gobe idan sojan ya tafi, ma'aikacin lafiyar da ke kwana a garin shi zai amsa tambaya. Duk abin da ya haɗa agaji da yaƙi ko leƙen asiri, ɗan ƙasa ne ke biyan kuɗinsa. Da aka gano cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da aikin rigakafi a Abbottabad a 2011 wajen neman Usama bin Laden, masu allurar shan-inna a Pakistan ne suka fara faɗuwa. Ranar 8 ga Fabrairu 2013 aka harbe mutum tara masu wannan aiki a Kano, a yanayin da zargi ya daɗe yana yawo. Sai a 2014 Fadar White House ta yi alkawarin ba za a sake fakewa da rigakafi ba.

Ita ma ƙungiya tana iya rusa yardar jama'a da hannunta. A lokacin annobar Ebola a gabashin Kwango, inda aka kashe likitan WHO ɗan Kamaru, Richard Mouzoko, a Butembo a Afrilun 2019, mutanen gari suna ganin manyan motoci da kuɗi na yawo alhali an shafe shekaru ana yanka su babu wanda ya zo. Daga baya wani kwamiti mai zaman kansa ya tabbatar a 2021 cewa wasu ma'aikatan yaƙi da cutar sun yi lalata da mata da sunan ba su aiki. Ma'aikaci ɗaya mai irin wannan hali ya fi rami a katanga hatsari ga abokan aikinsa. Saboda haka ladabtar da ma'aikata, da gaskiya wajen ɗaukar aiki, da biyan mai gida kuɗin hayarsa a kan lokaci, duk aikin tsaro ne, ko da ba sa ƙarƙashin ofishin tsaro.

Ƙarshen zancen kuɗi ne, kuma a nan nake jin tsoro. A taron Istanbul na 2016 manyan masu ba da tallafi sun yi alkawarin kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin gida kafin 2020. Ba a cika ba. Abin da aka fi miƙa musu aiki ne, ba tare da kuɗin tsaron da ke tafiya da aikin ba. Ƙaramar ƙungiya tana tsoron sa kuɗin inshora ko na wayar tauraron ɗan Adam a kasafinta, don kada a ce ta yi tsada a bai wa wata. Tun daga Janairun 2025 da Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta, wasu ƙasashen Turai ma suka rage nasu, ana ta sallamar ma'aikata ana rufe ofisoshi, kuma abin da aka saba fara yankewa shi ne horo, da gyaran mota, da kujerar jirgi. Za a ƙara jin ana cewa lokaci ya yi da 'yan gida za su karɓi ragama. Ina maraba da hakan, da sharaɗin a miƙa ragamar tare da abin da ke kare mai riƙe ta.

Abin da nake so in gani ba shi da wuyar rubutawa. Duk yarjejeniya tsakanin babbar ƙungiya da ƙarama ta ƙunshi layin kuɗin tsaro da ba a taɓawa, da inshorar rai da ta rauni ga direba da mai gadi da ɗan sa-kai. Rahoton shekara ya ƙirga mamatan 'yan kwangila da na abokan hulɗa a shafi ɗaya da na ma'aikatan dindindin. Ɗan ƙasa ya samu kujera a zaman da ake yanke shawarar hanyar da shi ne zai bi, ya kuma samu damar cewa ba zai je ba ba tare da ya rasa aikinsa ba. Gwamnatocinmu ma suna da abin yi tun a teburin rajista. Najeriya tana da dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, kuma ƙungiyoyi masu zaman kansu, na gida da na waje, ba su da rigar kariya irin ta Majalisar. Ma'aikatar da ke sabunta musu izinin aiki tana iya neman ganin takardar inshorar kowane direba kafin ta buga hatimi, ƙungiyar lauyoyi reshen Maiduguri ko Damaturu kuma tana iya buɗe ƙofa ga iyalan waɗanda suka mutu a bakin aiki, ta karanta musu kwantiragin da mamacin ya sa wa hannu.